Ƙawar Inna ta Hanyar Kaduna

Inna ba ta taɓa yarda cewa hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ta gwamnati ce ba. A wurinta hanyarta ce, gwamnati dai ta taimaka da kwalta. Tun kafin a haife ni take bin ta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawar da wata gwaggonmu ke aiko mata daga Kutemeshi, ta kai Kaduna ta sayar, ta dawo da atamfa da kwanuka. Saboda haka kowane gari da kowace kwana akwai sunan da ta raɗa musu, kuma ba ruwanta da abin da aka rubuta a allon bakin titi. Polwaya a bakinta ita ce inda iska ta tafi da ɗankwalinta. Kuriga kuwa garin mai shayin nan ne da ba ya dariya, ko da yake bawan Allahn ya rasu tun ina firamare. Akwai wata gangara da take kira inda akuya ta haihu a mota. Idan Inna ta yi maka kwatance, kafin ka isa inda za ka sai ka haddace rabin tarihin gidanmu.

Amma duk a hanyar nan babu wurin da take ji da shi kamar wata 'yar kwana tsakanin Udawa da Buruku. Nan ƙawarta take, wata mata 'yar Gbagyi mai sayar da doya a bakin titi. Labarin haɗuwarsu mun ji shi har ya ishe mu. Inna tana da tsohon cikina, motar da ta shiga ta lalace daidai wurin, ga hadari ya haɗo, fasinjoji kowa ya kama gabansa. Matar nan ta bar teburin doyarta ta riƙo hannun Inna ta kai ta ɗakinta, ta gasa mata doya, ta shafa mata man kaɗe a ƙafafun da suka kumbura, ta riƙe ta har aka gyara motar washegari. Daga ranar ba a taɓa wuce kwanar nan da Inna a mota ba a tsaya ba. Direbobi sun sani, in suka ɗauke ta sai su ce wa sauran fasinjoji su yi haƙuri, akwai wurin da Hajiya za ta sauka ta yi zumunci. Ta miƙa man gyaɗa da daddawa, a loda mata doya, su tsaya riƙe da hannun juna suna ba da labarin 'ya'ya har sai direba ya gaji da danna oda. Ƙawancensu ke nan gaba ɗaya, na tsawon haƙurin direba, amma ya fi na wasu da ke kwana gida ɗaya.

Ni sau kaɗan na taɓa ganinta, ta tagar mota, ina yarinya. Abin da na riƙe shi ne doguwa ce, tana da dariya mai ƙarfi. Inna tana ce mata Ƙawa, mu kuma muna cewa ƙawar Inna, ba mu taɓa buƙatar wani suna ba.

Sai shekarun nan suka zo da daji ya ɓaci. Ba sai na tsaya bayani ba, duk ɗan ƙasarmu ya san su. Mota ba ta fita sai an taru an jera, sojoji a gaba, kuma direban da ya taka birki a tsakiyar daji don wata tsohuwa ta yi gaisuwa ya san fasinjoji da kansu za su cinye shi ɗanye. Sau biyu ko uku Inna ta bi ayarin nan, ta manna fuska a gilashi, aka wuce kwanar a guje ba ta ga kowa ba. Daga baya muka hana ta tafiyar, gwiwa ma ta taya mu hana ta. Lambar waya kuwa ba su taɓa karɓar ta juna ba. Me za su yi da ita, tunda kowace ta san inda 'yar'uwarta take?

Da abubuwa suka lafa, motoci suka koma tafiya ɗai-ɗai, na zo gida ganin Inna a ƙarshen damina. Ni ɗinki nake yi a Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini yadi ya san ba ni da dogon haƙuri. Kwana biyu kawai na ware. Tun ban huce gajiya ba ta ce mini in zan koma da ita zan koma, za ta ga ƙawarta. Na fara jero mata dalilai, gwiwa, ramuka, zafin rana. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce:

“So nake in san tana raye ko ba ta raye. In tana nan in gan ta da idona. In ta riga ni, in yi wa 'ya'yanta gaisuwa. Ban iya kwanciya da wannan a raina.”

Da na ga idonta, sai na yarda. Autanmu, wanda yanzu magidanci ne da gemunsa, ya aro motar maigidansa, wata tsohuwar mota da mai ita ke wankewa kamar jariri.

Da safe na fito na tarar Inna ta haɗa tsarabar duk shekarun da ba ta je ba. Jarkokin man gyaɗa, buhun ƙuli-ƙuli, gero daga Tabanni, turmin zane, da kwandon daddawa wanda tun daga zaure yake sallama. Ga kuma zakara an ɗaure masa ƙafa, yana kallonmu da ido ɗaya. Auta ya yi ta roƙo a bar daddawar, wai maigidansa zai yi wata yana tambayar abin da ya mutu a motarsa. Inna ta ce in maigidan nasa bai san warin daddawa ba to ba a taɓa yi masa miyar kirki ba, abin tausayi ne. Aka sa daddawa a baya kusa da ni, ita ta hakimce a gaba.

Muna barin gari daji ya karɓe mu. Na sha bin hanyar nan, amma kullum a tsorace, kaina a ƙasa, bakina cike da addu'a, don haka ranar ce na fara kallonta da gaske tun bayan yarinta. Ciyawa ta yi tsawo har tana shafar mota, itatuwa sun yi duhu, can kuma sai ka ga fili ya buɗe, dawa ta yi kai a gonar da aka daɗe ba a taka ba. Mutane a gefen titi da fartanya a kafaɗa, ba wanda ke waige. Tireloli suna tafe suna rangaji, buhunan gawayi an jera su kamar masu jiran sallah. Wasu matan Fulani da ƙoren nono suka ɗaga mana hannu, Inna ta leƙa ta yi musu gaisuwa da ɗan Fillancin da take da shi, wanda bai wuce gaisuwar ba.

Inna kuwa ta dawo yarinya. Tana gaida ramuka kamar tsofaffin maƙwabta. Wani da muka faɗa har kaina ya bugi rufin mota, ta ce wannan tun yana ƙarami ta san shi, Allah mai iko, ga shi ya girma. Inda aka yi faci kuma sai ta yi tsaki, wai an ɓata mata lissafi. A shingen sojoji ta dubi wanda ya leƙo ta ce ya rame, ta cika masa hannu da ƙuli-ƙuli, ya rasa yadda zai yi da bindiga da ƙuli, sai ya yi mana alama da kai mu wuce. A Polwaya ta nuna mana daidai itacen da ɗankwalin ya maƙale, Auta ya tambaya ko mu tsaya mu duba ko yana nan, ta kai masa duka a ƙeya yana tuƙi. A Kuriga ta sa aka tsaya muka sha shayi a wurin wani saurayi da ke ta fara'a, ta kurɓa ta ce shayin wancan marar dariyar ya fi daɗi.

Mun wuce Udawa rana ta fara zafi, sai surutun ya tsaya. Ta gyara zama, ta gyara mayafi, ta ce wa Auta ya rage gudu. Kwatancen ba wuya, in ji ta. Za mu ga tsohuwar tankar mai da ta faɗi a hannun hagu, ta yi jan tsatsa, ƙafafunta a sama. Gaba kaɗan ga wata ƙatuwar ɗorawa, a gindinta teburin yake. Ko makaho ba zai ɓata ba.

Muka yi ta tafiya a hankali har tireloli na bayanmu suka fara zaginmu da oda. Babu tanka. Inna ta ce gaba take. Muka ci gaba har muka fara hango rufin kwanon Buruku. Ta ce Auta ya cika gudu, shi ya sa muka wuce ta. Muka juya. Muka koma har kusa da Udawa, babu tanka, babu ɗorawa. Muka sake juyowa. Zakara ya fara cara a but ɗin mota, daddawa ta ji rana ta saki jiki, ni kuma raina ya fara tafasa. Auta ne ya yi ƙarfin halin faɗin abin da muke tunani, ya ce Inna, 'yan gwangwan ba sa barin ko tsohon kwano a ƙasar nan, balle tanka guda. Sun yanka ta sun auna tuntuni.

Inna ta juyo ta dube shi kamar shi ya sayar da ita. Ta ce wane irin rashin imani ne mutum ya ɗauke alamar da jama'a ke gane gida da ita. Tankar nan ta fi shi shekaru, kuma ba ta tare wa kowa hanya ba.

Wani mai gawayi ne ya cece mu. Yana zaune kan wani faffaɗan kututture a bakin titi, buhunansa a gefe. Inna ta ce a tsaya. Ta fita da sandarta, ba ta ko kalli mutumin ba, ta zagaya kututturen, ta dubi tudun da ke bayansa, ta dubi yadda titin ya karkata. Ta ce masa ya tashi, a kan ɗorawar ƙawarta yake zaune. Bawan Allah ya miƙe da sauri yana rantsuwa ba shi ya sare ta ba, haka ya tarar da ita, shi baƙo ne a nan. Ya nuna mana wata 'yar hanya da ciyawa ta rufe, mai shiga ƙauyen su ƙawar Inna. Muka bi ta a ƙasa, Auta yana buɗe wa Inna ciyawa da hannu.

Ƙauyen yana nan, mutanen ne babu. Ɗakuna sun zube, kabewa ta haye bango, ga wani turmi a kife. Inna ta tsaya a bakin wani kango ta ce nan ta kwana, ga inda aka hura wuta. Ba ta yi kuka ba, ni ce ma na ji haushin kaina da na yi ta ƙorafin daddawa a raina. Mai gawayin ya ce shi dai abin da ya ji, mutanen wurin ba su ƙare ba, watsewa suka yi. Wasu suna Udawa, wasu Buruku, wasu sun shige Kaduna. Inna ta juya ta kama hanyar mota da saurin da ban san gwiwarta na da shi ba, ta ce mu fara da Udawa.

A Udawa muka sami layin masu doya, yawancinsu matan Gbagyi, da wani dattijo a gefe yana gyaran keke, aka ce mana shugaba ne a cocinsu, kowa ya sani. Aka ba Inna kujera, aka kawo ruwa, aka gama gaisuwa. Sannan ta fara kwatance. Ta ce doguwa ce, baƙa, tana sayar da doya. Matan suka dubi juna. Ta ce tana ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Nan suka fashe da dariya, wata ta ce Mama, ai dukanmu ke nan, har kakanninmu. Ta ce tana da dariya mai ƙarfi, suka ƙara wata dariyar don ta ji tasu. Ta ambaci ɗorawa da tanka, dattijon ya ce ya san ƙauyen, amma mata da yawa sun yi tebur a gindin itacen nan. Ya tambaye ta a hankali, cikin girmamawa, mene ne sunan matar.

Inna ta kawar da kai. Ta dubi ƙasa, ta gyara bakin mayafi.

Na ɗauka mantawa ta yi, tausayi ya kama ni, na matsa na ce ta yi tunani a hankali, zai dawo. Ta ce ba ta manta ba. Na ce to ta faɗa. Ta ce a dai ci gaba da tambaya, wani zai gane. Nan fa haƙurina ya ƙare. Na manta a gaban mutane muke, na ce tun safe muke sintiri a titi kamar masu neman ɓatacciyar akuya, kaina ya bugu, kayana sun zama daddawa, ga mutum yana so ya taimake mu, ita kuma tana riƙe da suna a baki kamar goro. Auta yana ta taɓa ni, ina ture hannunsa. Inna ta jira har na gaji don kaina. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta nuna ni da haɓa ta ce wa dattijon:

“Mai sunan wannan ce.”

Sai da na juya maganar a raina kafin na gane. Ni ce 'yar farin Inna, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke ce, ko wannan, ko 'yar nan, in ta yi fushi kuma ke wance. Ko wata yarinyar maƙwabta ce mai irin sunana, sai dai ta ce mai sunan ta gidanmu. Abin ya zame mana jiki har ba na lura da shi, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙofar ɗakinsa. Sunan da ake kirana da shi kuwa sunan rana ne, irin wanda mu da Gbagyi duka muke sa wa 'ya mace.

Matan nan sun gane tun kafin ni, don sun zauna da Hausawa sun san halinmu. Suka yi ta tafa hannu. Dattijon ya ajiye sifana yana murmushi, ya ce to 'yata, sai ke ki taimaki mahaifiyarki. Haka na tsaya a tsakiyar layin doya, mace da 'ya'yanta har da mai shirin aure, na faɗi sunana da ƙarfi kamar ranar farko a makaranta.

Masu sunan sun kai huɗu ko biyar a ƙauyen, in ji su, sai aka shiga tacewa. Wannan gajera ce. Waccan ta rasu tun kafin tashin hankali, da aka faɗi haka na ga hannun Inna ya damƙe sanda, sai wata ta ce a'a, waccan tukwane take yi, ba doya ba. Can dattijon ya ce akwai wata doguwa da aka sani da ƙawa Bahausa mai kawo mata man gyaɗa daga Birnin Gwari, har ana tsokanarta da ita. Tana Buruku wurin ɗanta, ganinsa na ƙarshe da ita lafiyarta ƙalau, sai kunne da ya yi nauyi. Ya ce mu hanzarta, tana kawo doya kasuwa amma ba ta kai yamma, gidan ɗan nata yana can ciki, babur ke kai ta.

Inna ta ce Alhamdulillahi a hankali, ta sake faɗa, ta buɗe kwando ta bi layin nan kaf tana raba musu daddawa. Auta ya yi godiya ga Allah a fili da kwandon ya ragu.

A mota na kasa yin shiru. Na ce ikon Allah, ashe ni da ƙawarta rana ɗaya aka haife mu. Inna tana kallon titi ta ce wa ya gaya mini ranar aka haife ni. Auta ya kusa sakin sitiyari. Ta ce ni da ranar nan akwai kwana biyu tsakani. Da ta dawo daga waccan tafiyar ta roƙi kakarmu, in mace ta haifa, ko wane suna malamai suka raɗa, a riƙa kiranta da sunan matar da ta riƙe ta a hanya. Kaka ta cika mata alkawari. Abin da Inna ba ta yi lissafi ba shi ne, ranar da sunan ya hau kaina ya fita daga bakinta. Ta so ta girmama ƙawarta, sai ta wayi gari ba ta iya kiranta. Shi ya sa ta koma ce mata Ƙawa, ita kuma da aka yi mata bayani ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Auta ya yi ta tsokanata har Buruku, wai Yaya, shekara da shekaru kina yi wa mutane gadara da ranar da ba taki ba. Na ce ya kula da titi. Amma a raina wani abu nake ji mai daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na girma ina ganin Inna ta fi sakin jiki da ƙannena, tana kiransu tana wasa da su, ni sai ke da wannan. Na san al'ada ce, ban taɓa ƙorafi ba, amma sanin al'ada bai hana yarinya jin abu a ranta ba. Ashe sunan da ta fi so a duniya ta ɗauka ta ba ni.

Mun shiga Buruku kasuwa ta cika ta batse har kan titi. Masu rake, masu tumatir, masu gasa masara, 'yan babur suna kutsawa ta ko'ina, tireloli sun toshe rabin hanya. Auta ya rasa inda zai ajiye motar mutane, sai ya sauke mu ya tafi nema. Na ce wa Inna ta tsaya a inuwar wata rumfa kada ta motsa, ni zan shiga layin doya in tambaya, tunda yanzu na san abin da zan ce. Na tambayi ta farko, ta tura ni wurin ta biyu. Ta biyu ta ce ai yanzun nan ta tattara, ta nuna mini wajen masu babur da ke can ƙarshen kasuwa. Na juyo in ɗauko Inna, na tarar rumfar babu kowa.

Can na hango mayafinta a cikin mutane, tana dogara sanda tana kutsawa, mutane suna kauce mata. Ta riga ni gani. A gabanta da nisa ga wata doguwar tsohuwa, bayanta ya ɗan ranƙwafa, da ƙwarya a kafaɗa, tana miƙa wa ɗan babur kayanta. Na ji Inna ta ce Ƙawa, hayaniya ta haɗiye. Ta sake cewa Ƙawa da ƙarfi, mata uku suka waigo, ban da wadda ake kira. Tsohuwar ta kama kafaɗar ɗan babur ta ɗaga ƙafa za ta hau. Ni ina baya, wani mai baro ya tare ni da buhunan masara, ko na yi ihu ba za ta ji ba. Ɗan babur ya taka inji.

Sai na ji an kira sunana.

Da ƙarfi aka kira shi, da wata murya da na sani tun ina ciki amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan kalmar ba. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ya ce na'am. A can gaba ma tsohuwar ta sauke ƙafarta ta waigo, ta amsa da nata na'am ɗin. Ta ƙanƙance ido, ta saki ƙwaryar ta faɗi, sannan dariyar nan ta tashi, wadda na riƙe tun yarinta, ba abin da shekaru suka rage mata.

Kafin in ƙarasa sun riƙe juna. Ba su rungumi juna irin na 'yan zamani ba, hannu suka kama kamar yadda suka saba a bakin titi, suna jijjigawa, kowace tana magana ba mai sauraron wata. Ƙawar tana cewa an gaya mata Birnin Gwari ba kowa, ta yi wa Inna addu'a a coci har ta gaji. Inna tana cewa an sace tanka, an sare ɗorawa, ita da wa za ta tambaya. Hawaye yana bin fuskokinsu suna dariya. Ɗan babur ya kashe injinsa ya zauna kallo, masu rake ma suka matso. Auta ya iso da zakara a hammata da jarka a hannu, ya tsaya yana haki, ya rasa wa zai miƙa wa.

Ƙawar ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi Inna ko wannan ne ɗan cikin nan da ya hana ta barci da shure-shure. Ta kama fuskata da hannuwanta masu kaushi ta ce takwara, kin girma. Ta ce yau ba direban da zai danna mana oda, gidan ɗanta za mu, sai mun ci sakwara. Ban ko tuna da ɗinkin da ke jirana a Kaduna ba.

Muna tafiya wajen mota, su biyu a gaba, na matsa kusa da Inna. Ta san abin da ya kawo ni, don tun kafin in buɗe baki ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amarya, tana kallon wani wajen.

“Ba da ke nake ba,” ta ce.

“Na sani, Inna,” na ce. “Amma na ji.”